Hatimi Ɗaya a Bayan Littafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a cikin wannan wata, da maza suka fita da ɗana na fari daga gidanmu a Karaye suka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya san ni a garin nan zai gaya muku ba a jin muryata daga tsakar gida zuwa zaure. Shekara goma ina tuna shi da addu'a da sadakar waina, ban ce wa kowa komai ba. Amma bana raina a ɓace yake, domin na gano cewa ƙaryar da aka yi wa yaron nan ba ta mutu tare da shi ba. Tana nan da ranta, har an buga ta a littafi, kuma in na ci gaba da shiru za ta fi ni daɗewa a duniya.

Ɗan fari ne, don haka kun san ban taɓa kiran sunansa ba. Ni Babba nake ce masa. Mutanen gari kuwa Malam Mai Littafi suke cewa, saboda shi aka danƙa wa mabuɗin ɗakin karatun da hukuma ta buɗe kusa da kasuwa a shekarun yaƙi, bayan ya gama elemantare ya ɗan taɓa koyarwa. Ɗaki ne guda ɗaya, da benci biyu, da kanta a jikin bango. Littattafan duka ba su fi cikin akwati biyu ba. A bayan kowane littafi an manna wata 'yar takarda, kuma dokar ita ce duk lokacin da littafi ya fita aro, mai ɗaki ya buga hatimi a kanta. Ku riƙe zancen hatimin nan, don a kansa komai ya rushe.

Ubansa, Malam Jibo, baduku ne, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne ɗinkin gafaka, jakar fatar da malamai ke zuba littattafansu. Babba a gindin wannan aiki ya tashi. Tun yana rarrafe yake ganin littafin malamai falle-falle ne, ba a ɗinke ba. Malami zai zaro falle huɗu ya miƙa wa wannan ɗalibi, ya zaro shida ya ba wancan, in sun gama su dawo da su a mayar a mazauninsu. Littafi ɗaya, mutum goma suna karatunsa a rana ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa cewa an wulaƙanta shi.

Wata rana gab da faɗuwar damina Babba ya shigo cin abincin rana, ya zauna ya sa ƙwarya a gaba bai taɓa ba. Na tambaye shi ko jikin ne. Ya ce a'a, wani littafi ne a kan noman gyaɗa da cutar da ke naɗe mata ganye, guda ɗaya tak aka kawo, kuma kowa shi yake so kafin shuka. Mutanen Yammedi sun aiko, na Kafin Dafga sun zo da ƙafarsu sau biyu, wani manomi daga Rogo ya wuni a bakin ƙofa. In aka bi doka, mutum ɗaya ya riƙe mako biyu, kafin ya zagayo kan na ƙarshe an yi girbi an ci.

Na ce, "To ka raba musu mana."

Ya ce, "Inna, littafi ne fa, ba ƙosai ba."

Na ce, "Na malaman da babanka ke ɗinka wa gafaka ƙosai ne?"

Ya dube ni, sannan ya ja ƙwaryar ya cinye tas. Ina so masu karatu su san wannan tun yanzu: shawarar daga bakina ta fito. Shekara goma sha ɗaya ina kwana da ita ina tashi da ita.

Da ya duba, sai ya ga ashe littafin Bature ma ɗauri-ɗauri aka yi shi, zare ne kawai ya haɗa su. Ya ɗauki wuƙar ubansa ya yanke zaren a hankali, bai yaga ko kusurwar takarda ba, littafin ya rabu kashi takwas. Ya ɗinka wa kowane kashi 'yar rigar fata daga ragowar da ke zaure. Ni kuma na kaɗa zare na rina, kowane littafi da launinsa, ja na noma, shuɗi na kiwon lafiya, rawaya na labarin ƙasashe, sannan a ƙulla shi gwargwadon lambar kashin, don ko wanda bai iya karatu ba ya lalubi ƙulli uku ya san na uku ne a hannunsa. 'Yan kasuwa su ne masu kaiwa. Mai gishiri in zai tafi kasuwar Rogo ya sa kashi biyu a aljihu, mai goro ya ɗauki na Yammedi. A kowane ƙauye akwai mutum ɗaya ko biyu da suka iya boko, bayan la'asar a taru a ƙofar gida ya karanta, a yi ta gardama. Ranar kasuwa ta gaba a dawo da wannan a karɓi na gabansa. Mu ma mata muka samu rabonmu. A gidanmu 'yar maƙwabta da ta yi makaranta ita ke karanta mana na kiwon lafiya muna kaɗi, kuma a nan na fara jin cewa kurkunu a ruwan sha ake haɗiye shi.

Malam Tanko tela, wanda shagonsa ke manne da ɗakin karatun, ya samu abin tsokana. Kullum Babba ya zo buɗe ƙofa sai ya leƙo ya ce, "Sarkin fawa, yau wa za a feɗe? In na labarin ƙasashe ne, ka ajiye mini cinya." Babba ya ce, "Kai da ba ka dawo da wuyan da na ba ka ba tun wancan mako?" Su yi ta dariya. Shi Malam Tankon nan a kan keken ɗinkinsa ya koyi boko da waɗannan kashi-kashin, yana nan da ransa, a tambaye shi.

In duka kashin sun zagaya sun dawo, wani lokaci bayan wata uku, Babba sai ya haɗa su ya ɗinke da basilla, ya mayar cikin bangonsu, littafi ya koma kanta kamar ba a taɓa shi ba. Hatimi kuwa ɗaya yake bugawa. Na taɓa tambayarsa dalili, tun da na ga yawan hannun da littafin ya bi. Ya ce, "Doka ta ce in littafi ya fita a buga. Sau ɗaya ya fita, Inna. In na buga ashirin na yi wa hukuma ƙarya." Amma yana da wani kundi nasa na kansa, mai baƙin bango, inda yake rubuta komai: kashi kaza ya tafi gari kaza a hannun wane, wane ya karanta, mutum nawa suka zauna, da abin da suka tambaya wanda littafin bai amsa ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi damunsa. Yakan ce ranar da aka zo daga birni zai nuna musu tambayoyin, don a san irin littafin da za a riƙa kawo mana.

Aka kuwa zo. Bayan yaƙi ya ƙare, wata safiya da hantsi mota ta tsaya a bakin kasuwa ba tare da an aiko ba. Wani Bature ne, aka ce gari-gari yake bi yana binciken yadda mutane ke amfani da ɗakunan karatu, zai rubuta abin da ya gani don masu ilimi su karanta. Tare da shi akwai tafinta, Bahaushe, da ganin yadda ya naɗa rawaninsa ka san ɗan gidan malamai ne. Babba ya aiko gida a maza a kawo kashin da ke hannunmu. Ban samu wanda zan aika ba, sai na yafa mayafi na sa shi a ƙarƙashi na tafi da kaina. A bakin ƙofa na tsaya, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Baturen ba mugu ba ne a fuska, har hannu ya ba Babba. Yana ɗaukar littafi ɗaya-ɗaya, ya juya bayansa, ya ƙirga hatimi, ya rubuta. Wannan ɗaya. Wannan biyu. Wannan ɗaya. Sai ya kai kan waɗanda cikinsu ke yawo a ƙauye, ya ɗago bango ya ji ba nauyi, ya buɗe ya ga wayam, ya girgiza shi kamar mai kakkaɓe faifai. Babba ya shiga bayani cikin ladabi, tun daga littafin gyaɗa har zuwa zaren rini. Ya daɗe yana magana. Tafinta ya juya ya gaya wa Baturen abin da bai fi kalma huɗu ba. Ba na jin Turanci, amma na san tsawon magana. Babba ya ɗauko kundinsa ya miƙa da hannu biyu. Tafinta ya tare shi ya ce, "Malam, ajiye wannan. Takardar hukuma ya zo dubawa, kuma muna da gari biyu a gaba."

Malam Tanko daga bakin taga ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gaya masa cikin littafin yana Rogo, jibi zai dawo."

Tafinta ya yi dariya ya ce, "In ce masa littafi ya tafi cin kasuwa? Ai sai ya ce mun raina shi."

Ni kuma ina tsaye da shaida a ƙarƙashin mayafina, kashi na uku na kiwon lafiya, da rigarsa ta fata da shuɗin zarensa, tsaf ba ko ɗigon mai. Taki uku ne tsakanina da teburin. Ban taka ba. Na ce a raina ba ya kyautuwa mace ta kutsa cikin maza, kuma gaskiya ai za ta fito da kanta. Kafin a kira azahar sun shiga mota sun tafi. Ko ruwan garinmu mutumin nan bai sha ba.

Wata biyu bayan haka takarda ta zo daga birni. An sallami Babba saboda lalata kayan hukuma, kuma za a rufe ɗakin tun da bincike ya nuna ba a amfani da shi. Bai yi gardama ba. Ya roƙi kwana ashirin kawai. A cikin kwanakin nan da ƙafarsa ya bi Yammedi da Kafin Dafga da Unguwar Hajji har Rogo, ya tattaro kashi-kashin nan kaf, wasu mutanen suna riƙe hannunsa suna cewa ya bari su ƙarasa. Ya zauna a zaure ya ɗinke kowane littafi, ina miƙa masa zare. Ranar da ya miƙa mabuɗi aka ƙirga, ba falle ɗaya da ya ɓata. Aka zuba su a akwati aka sa wa ƙofa kwaɗo. Da aka buɗe bayan damina biyu, gara ta cinye su har da akwatin. A hannun wanda aka ce ya lalata su sun yi shekaru suna yawo lafiya. A hannun masu tsare su ko damina uku ba su kai ba. Ban ji an sallami kowa a kan wannan ba. Ɗakin yanzu buhunan gyaɗa ake jibgewa a ciki.

Babba ya koma sana'ar ubansa, yana ɗinkin gafaka da kube. Bai ƙara zancen ɗakin karatu ba, sai dai in zai je masallaci yakan zaga ta bayan kasuwa don kada ya bi ta ƙofar. Shekara biyu bayan haka sanƙarau ya shigo garin da bazara, ya ɗauke shi cikin kwana uku. Ba zan ce takardar nan ta kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare, kuma ni Musulma ce. Amma na san da wane suna ya bar duniya a wurin hukuma, kuma na san ba nasa ba ne.

Kundin nan na naɗe shi a tsumma na sa a ƙasan akwatina. Da aka kawo ajin yaƙi da jahilci na mata unguwarmu, sa'o'ina suka yi ta yi mini dariya, wai da furfura zan koma riƙe alli. Ban gaya musu dalili ba. Wata tara na yi kafin in iya haɗa baƙi, kuma ranar da na ji zan iya, na buɗe kundin na fara bi da yatsa. Ga Rogo, ga Yammedi, ga sunayen mutane, wasu sun rasu wasu suna nan. Ga tambayoyinsu: wane ya ce littafin ya faɗi takin zamani, mu da ba mu da shi me za mu sa? Wane ya ce a nemo na ciwon hantar shanu. Can a tsakiya na ci karo da wannan: "Kiwon lafiya, kashi na uku, gidanmu. Inna ta ce an ce a tafasa ruwa, amma ba a faɗi yadda mai tulu shida za ta yi da itace ba. Tambaya ce mai kyau." Na rufe kundin, ranar ban ƙara iya karanta komai ba.

To ga abin da ya tayar da ni bana. Ƙaninsa Sani yana kwalejin horon malamai. Da ya zo hutu sai na ga yana ta kewaya ni kamar mai laifi. Daga baya ya fito da wani littafin Turanci da ake koya musu, a kan karatu da ɗakunan karatu a ƙasar nan, ya ce akwai garinmu a ciki. Na ce ya fassara mini, kada ya sassauta. Abin da ke ciki shi ne an taɓa gwada ɗakin karatu a nan bai yi ba, littafi sai ya shekara ba a are shi fiye da sau ɗaya ko biyu ba, mai kula da ɗakin ma da kansa ya yayyaga su, wanda ke nuna mutanen irin wannan wuri ba su kai ga sanin darajar littafi ba tukuna. Ba a ko ambaci sunansa ba. Mai kula da ɗaki, shi ke nan.

Na ce, "Mai wannan littafin ya zo Karaye?"

Sani ya ce a'a. Ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a gindin shafin, ya ce a nan masu ilimi ke faɗin inda suka samo magana. Wannan ya ɗauko daga wani, wanin kuma daga wani, na ukun shi ne Baturen da ya zo da hantsi. Ya ce haka ake yi, kuma gwargwadon yawan masu ɗaukar maganarka, gwargwadon girmanka a cikinsu.

Na ce, "Ko da maganar ba haka take ba?"

Ya ce, "Inna, ai ba wanda ya koma ya duba."

Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Mutum ya tsaya a garinmu abin da bai kai dafuwar wake ba, ya ƙirga tawada a bayan takarda, ya tafi. Yau mutum biyu masu manyan takardun shaida sun jingina a kansa, kowa yana samun girma, kuma ana koya wa ɗan cikina cewa yayansa jahili ne mai yaga littafi, har za a tambaye shi a jarrabawa. Malamanmu na zaure ma suna faɗin daga wa suka ji magana, amma sukan tambaya: shi wanda ya faɗa ɗin, ya gani da idonsa? Ya zauna da mutanen? Mai gaskiya ne wanda ya fassara masa? Ashe ilimin da aka ce ya fi namu bin diddigi bai tambayar wannan?

Kuma abin bai tsaya a takarda ba. Bara dattawan garin nan da malaman makaranta suka rubuta roƙo a sake buɗe mana ɗakin karatu, tun da yanzu masu boko sun yi yawa, har mu tsofaffi. Amsar da ta dawo ita ce an riga an bincika tun da daɗewa, an tabbatar nan ba wurin littafi ba ne, za a fara da garuruwan da suka nuna sha'awa. Wato hatimi ɗayan nan da yaro ya buga don gudun ƙarya, shi ne har yau ya tokare ƙofa. Jikokina huɗu sun iya karatu, ba abin da suke karantawa sai jikin gwangwani da tsohuwar jaridar da aka ƙunso sukari.

Ban fi jin haushin Baturen ba, shi baƙo ne, bai san gafaka ba, ko da yake wanda bai sani ba tambaya ta kamace shi, ba rubutu ba. Tafintan nan ya fi tsaya mini a rai. Ya san abin da Babba ke faɗa sarai, da irin wannan karatun aka rene shi, amma ya ji kunyar a ce nasu ne, ya zaɓi ya yi dariya. Kuma ina jin tsoron 'ya'yanmu da ke kwaleji yanzu, da ake cewa su za su karɓi ƙasa in an ba da mulkin kai. In su ma za su zauna a birni su kwafi abin da aka ce a kanmu ba su tako sun tambaye mu ba, to tafinta ne kawai ya hau kujerar Bature. Na huɗu a jerin nan kada ya zama ɗanmu.

Na yarda Babba ya karya doka. Ya kamata ya nemi izini kafin ya sa wuƙa a kayan da ba nasa ba, kuma da an hore shi a kan wannan kaɗai da ban ce uffan ba. Amma laifin yanke zare daban, cewa gari guda ba ya karatu daban.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san shi, ba zai yi fushi kamar ni ba. Da zai ga matan aure da allo a cinya, sai ya yi ta murmushi yana sosa ƙeya. Littafin da Sani ya kawo ma sai ya juya shi ya duba ɗinkinsa kafin ya duba abin da aka ce a kansa. Amma na tabbata zai tambaya ko an samu wanda ya rubuta na ciwon hantar shanu, ko an amsa wa mutumin Rogo zancen taki. Sai in ce masa a'a, Babba, masu binciken sun shagala da ƙirga juna.

Saboda haka na yi abin da ya kamata in yi tun ranar da na tsaya a bakin ƙofa. Bayan sallar da ta wuce na ɗauko wuƙar Malam Jibo na yanke zaren kundin. Na raba shi gari-gari, Malam Tanko ya nemo 'yan kasuwa, yana cewa, "Ashe fawar gado ce, Hajiya." Na ce a kai wa duk wanda sunansa ke ciki, in yana raye a karanta masa, in haka aka yi ya sa hannu a gefe, in ba haka ba ne ya faɗa. Sun ɗauki mako bakwai suna dawowa. Wasu sun sa hannu da boko, wasu da ajami, wasu sun dangwala yatsa. Inda mai sunan ya rasu, ɗansa ya rubuta cewa yana wurin. Wani tsoho daga Kafin Dafga bai yarda ya aiko ba, ya zo da kansa a kan jaki, ya zaro wata gafaka ya nuna mini littafin gyaɗan nan gaba ɗaya, ya kwafe shi da ajami kashi bayan kashi tun a wancan lokaci, kuma har yau ana zuwa aro wurinsa. Gara ta ci na hukuma, na hannun mutane yana nan. Falle ɗaya na kundin bai ɓata ba wannan karon ma. Shekaranjiya na ɗinke kundin da shuɗin zare, ga shi a cinyata ina wannan rubutu.

Ranar kasuwa mai zuwa ni da Sani za mu shiga mota mu kai shi ofishin da ya ce nan ba wurin littafi ba ne. Ba zan ɗaga murya ba, ban iya ba. Zan taka taki ukun nan in ajiye shi a kan tebur, in zauna har a buɗe. Mai littafin Turancin kuma, in wannan jarida ta kai gare shi, ƙofarmu a buɗe take. Ya zo ya kwana biyu, za mu ba shi tabarma da fura, ya ƙirga mutane, sannan ya koma ya gyara gindin shafinsa.

Abin da ya rage na yaron nan ba gida ba ne, ba gona ba. Tela ne mai karanta jarida a kan kekensa, da tsoho mai gafaka, da mata masu tace ruwa, da uwa da ta koyi baƙi da furfura don ta ji abin da ɗanta ya rubuta. Saura abu ɗaya. Su ba su ga ya isa a rubuta sunansa ba, ni kuma kunya ta hana ni faɗinsa shekara ashirin da takwas da ya yi a gabana. Har yanzu bakina ba zai iya ba, amma al'ada ba ta ce komai a kan alƙalami ba. Duk mai son ɗaukar magana a kan karatu a Karaye, ga inda zai ɗauko, ya sa a gindin shafinsa da manyan baƙaƙe.

Sunansa Idrisu. Idrisu ɗan Malam Jibo baduku. Ni na haife shi.